Shekara tara a harkar rabon kaya, yau ni ne na 24 a layi

Ranar Litinin ɗin da ta wuce na tsaya gaban allon da ke ƙofar ɗakin direbobi a kamfanin da na kama sabon aiki, an manna wata farar takarda da salatif, sunayen direbobi ne a jere daga na 1 har na 23, kowa da ranar da ya kama aiki a gefen sunanshi. Can ƙasa inda takardar ta fara naɗewa an ƙara layi ɗaya da biro, 24, sai sunana. Na daɗe ina kallon wurin wallahi. Wanda ke na 23 yaro ne da na sani tun yana yaron mota, ni na koya mishi yadda ake shiga da motar kanta da baya a lungunan Tsohuwar Kasuwa ba tare da ka kwashe rumfar mutane ba, yau a takarda shi ne gaba da ni, shi zai zaɓi hanya kafin ni, shi zai zaɓi ranar hutu kafin ni. Ya zo ya gaishe ni har da rusunawa kamar yadda ya saba, na ga shi kanshi abin ya mishi nauyi.

Mutane da yawa sun tambaye ni me ya sa na bar gidan Alhaji, dilan da nake ja wa mota, na koma kamfani, wasu ma cewa suka yi na saki reshe na kama ganye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na yi lissafina, ko akwai wani direba da ke cikin irin wannan tunanin yanzu.

A 2016 na fara aiki a siton wani babban dila nan cikin garin Sakkwato, dako na fara, katan ɗin taliya da jarkar man girki da buhun sukari a ka, daga tirela zuwa sito daga sito zuwa kanta. Daga nan na zama yaron mota, na yi lasin, sai wata rana wani direba ya kwanta rashin lafiya aka miƙo min makulli, shi ke nan ban sake sauka ba. Biyan mu da sawu ne, ka kai kaya ka dawo a ba ka naka a hannu, in ba kaya ba kuɗi. Amma a hankali na zama babba a wurin. In an yi lodi da safe ni ake fara tambaya ina zan bi, ni kuma kullum hanyar Boɗinga, Shagari, Tambuwal nake ɗauka saboda titin ya fi daɗi kuma masu shagunan sun san ni, wani ya ba ka na shan ruwa, wani ya ajiye maka ƙwai ko kaza lokacin Sallah. Mota mai lafiya tawa ce. Yara ba sa kiran sunana sai dai Oga. In rigima ta tashi tsakanin 'yan dako ni Alhaji ke turawa in kashe wutar. Wannan girman ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya fara da gammo a ka, kuma duk wanda ya ce maka barin shi abu ne mai sauƙi bai taɓa samun shi ba.

Toh sai ga kamfanin da ke kawo wa su Alhaji kaya sun ce suna neman direbobin rabon kaya na dindindin a reshensu na Sakkwato, albashi duk wata, takardar ɗaukar aiki, kuma ma'aikatan suna da yuniyan, wato ƙungiyar ƙwadago. Na nema kamar da wasa, aka kira ni gwajin tuƙi, aka kira ni asibiti aka duba ido da hawan jini, bayan sati uku aka miƙo min takarda. A nan ne hankalina ya tashi, saboda abin da aka rubuta a ciki naira 120,000 ne a wata kafin a cire komai. In aka cire fansho, aka cire kuɗin ƙungiya da haraji, abin da zai faɗo a waya ɗari da 'yan kai ne. Ni kuma a gidan Alhaji, watan da kasuwa ta buɗe, irin gab da azumi ko kafin babbar Sallah, ina iya haɗa 180,000 har sama, in ka haɗa kuɗin sawu da ihsanin masu shaguna da lodin dawowa. Lodin dawowar nan shi ne sirrin da kowane direba ya sani, ka sauke kaya a Tambuwal mota ba komai, sai ka ɗauko wa wani buhunan albasa ko gero ko awaki biyu zuwa Kara, kuɗin naka ne, Alhaji ya sani yana kau da kai. A kamfani babu wannan, an saka wa kowace mota na'urar da ke nuna inda take, ka tsaya minti ashirin inda ba a aike ka ba za a kira ka a waya, ka ɗauki kayan wani kuwa kora ce kai tsaye.

Daren da na kawo takardar gida, bayan yara sun yi barci, maiɗakina ta ɗauko wani tsohon littafin makarantar babbar 'yarmu inda take rubuta abin da nake ba ta na cefane, ban ma san tana rubutawa ba. Ta buɗe tana nuna min wata-wata da hasken waya. Watan Maris mai kyau, Afrilu mai kyau, sai ta kai Yuli da Agusta, tsakiyar damina lokacin da kasuwannin ƙauye ke mutuwa kowa yana gona, sai ga watan da duk abin da na samu bai kai 60,000 ba. Sai ga watan da injin mota ya buga na yi kwana goma sha tara a zaune gindin bedi a gareji ina jiran gyara, ko sisi ban samu ba, a watan ne muka ci bashin buhun shinkafa wurin ƙanenta. Ta ce, Baban Ummi, kai watanni masu kyau kawai kake tunawa, ni kuma da nake riƙe da tukunya duka nake tunawa. Da muka haɗa shekarar gaba ɗaya muka raba gida goma sha biyu, sai na ga tazarar da ke tsakanin nan da can ba ta kai yadda nake ji a raina ba. Akwai tazara, ba zan ɓoye ba, shekarar farko zan yi asara, amma ba rabin kuɗina ba ne kamar yadda na ɗauka.

Duk da haka ban yanke ba, saboda abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, layin ne. Sai na tafi wurin Kawu a Mabera. Kawu ƙanen Innata ne, ya yi shekara sama da ashirin yana jan tankar mai, yana cikin ƙungiyar direbobin tanka ta PTD da ke ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas, yanzu ido ya yi rauni ya ajiye. Na same shi bayan la'asar kan tabarma a zaure yana jan carbi, na kwashe komai na gaya mishi, na ce Kawu shekara tara fa, yanzu a ce in koma bayan yaran da na koya wa mota. Bai ce komai ba sai da ya gama abin da yake karantawa ya shafa, sannan ya ce, "Zamna da kyau in tambaye ka. Shekarun nan tara da kaka hwaɗi, ina anka rubuta su?" Na yi shiru. Ya ce, "Nuna min takarda guda wadda ta ce ka yi ko kwana ɗaya wurin nan. In Alhaji ya kwanta dama gobe, Allah shi ƙara mai nisan kwana, ɗiyanshi sunka raba sito, wa za ka kai ma shekara taranka ya ba ka ko kwabo? Girman da kaka da shi can na baki na, yaro. Wanga na takarda ko ƙarami na, naka na, kuma kullum safiya ƙaruwa yakai."

Maganar ta zauna min a ƙirji, don na san wanda take nufi ko da bai ambace shi ba. Akwai wani dattijo da na tarar a siton, shi ne babban direba kafin ni, shi ya fara ɗora hannuna kan sitiyari. Shekara huɗu da suka wuce taya ta fashe mishi bayan Dange, motar ta kwanta, ƙugunshi ya karye. Alhaji ya yi ƙoƙari, ba zan ci amanarshi ba, ya biya kuɗin asibiti, ya aika da shinkafa da mai, watanni kusan shida yana aika wani abu. Daga nan abin ya fara ja baya, ba don mugunta ba, haka rayuwa take, kasuwa ta yi tsanani bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya koma ta kanshi. Yanzu in ka bi ta unguwarsu za ka gan shi kan benci da sanda a gefe da ɗan tebur na ashana da omo da alawa, mutumin da ya fi shekara ashirin yana jan mota. Ranar nan na tsaya na saya omo ƙulli biyu da ban da buƙatarsu, yana ba ni canji hannunshi na rawa yana ce min "Oga ya hanya", shi da ya koya min aiki. Na shiga mota na kasa tada ta na ɗan lokaci.

Bayan zuwa wurin Kawu sai na fara tambaya da gaske, me ake cirewa, ina yake zuwa. Abin da na gano, kuma ina ganin ya kamata kowane direba ya sani, dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma ya ɗora kashi 10 daga aljihunshi, ana lissafawa ne kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota, kuma kuɗin yana shiga asusu mai sunanka ne, ba asusun kamfani ba, in ka bar aikin yana bin ka duk inda ka je. Ni nawa in aka lissafa kan 100,000, dubu 8 ne daga wurina dubu 10 daga wurinsu, 18,000 ke nan duk wata, 216,000 a shekara. Da can ina kallon dubu takwas ɗin da za a cire min ne kawai, ban ga dubu goman da za a ƙara min ba. Na san darajar naira tana zubewa, na san abin da dubu ɗari biyu ke saya yau ba shi za ta saya nan da shekara goma ba, wannan damuwa ce ta gaskiya kuma ban da maganinta, amma a shekara tara na gidan Alhaji abin da na ajiye don tsufa bai wuce tumaki uku da fili rabin fuloti a bayan gari wanda har yanzu ban gama biya ba. Na kuma tambaya batun ruwa, don ba na son abin da zai taɓa addinina, aka ce min hukumar fansho ta ƙasa PenCom ta fito da wani rukuni da babu kuɗin ruwa a ciki, Fund VI suke ce mishi, kai za ka nema a mayar da kai can, na riga na cike fom ɗin.

Dokar fanshon nan kuma ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinshi na shekara ba, in ta Allah ta kasance iyali su samu. Sannan akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, inda mai aiki ke biyan kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatanshi ga hukumar NSITF saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. A rubuce dokar ta shafi har ɗan aikin wucin gadi, amma in ba a taɓa kai sunanka ko'ina ba wa zai bi maka, da wace takarda? Ko mafi ƙarancin albashin nan na 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, doka ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire wanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da ya yi. Wato mu masu sawu tun farko ba ma ciki.

Kafin in sa hannu na nemi ganin sakataren yuniyan na reshen, wani mutum mai furfura a gemu, shi ne na 3 a takardar nan. Na ce ranka ya daɗe ina so ka gaya min gaskiya, shekaruna tara za a duba min su ko kuwa? Ya ce ko kwana ɗaya ba za a duba ba, ranar da ka kama aiki a nan ita ce ranar haihuwarka a wurinmu. Ya ce kada ka ji haushi, wannan ƙa'idar ita ce ke hana manaja ya ɗauko ɗan uwanshi jiya ya ba shi sabuwar mota da hanya mai daɗi ya tura ni da na yi shekara goma sha biyar cikin daji, in muka karya ta saboda kai yau, gobe da ita za a karya ka. Ya lissafa min abin da ke jirana bai rage komai ba, wata shida na gwaji wanda a cikinsu ƙungiya ba ta da ƙarfin tsaya min sosai, tsohuwar mota, aikin ranar jajibirin Sallah, hutun shekara kuma sai abin da manya suka bari, galibi tsakiyar zafin Afrilu ko lokacin da ba wanda ke so. Matakin albashi yana hawa ne da shekaru bisa yarjejeniyar da ƙungiya ta yi da kamfani, ba da yadda kake dariya da oga ba. Sannan ya faɗi wanda ya fi tsorata ni, ya ce in kasuwa ta lalace aka zo rage ma'aikata, dokar ƙwadago ta ƙasa, sashe na 20, ta ce wanda ya shigo a ƙarshe shi ke fara fita, sai dai a duba ƙwarewa da riƙon amana. Wato in an ce mutum ɗaya zai tafi a shekara mai zuwa, ni ne. Har wa'adin sallama ma da shekaru yake tafiya, wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya doka ta ba shi, wanda ya kai shekara biyar wata guda.

Na fito daga wurinshi jikina a sanyaye amma na ji daɗin da bai yaudare ni ba.

Abin mamaki, a satin ne ɗan baffana da ke Amurka ya kira ni ta WhatsApp, na ba shi labari sai ya kama salati, ya ce ai irin abin da yake ciki ke nan. Shi yana aikin lodi ne da dare a kamfanin kai saƙonni da kaya na UPS, na 'yan awoyi, kuma ya sa sunanshi a layin masu jiran zama direban dindindin. Can ƙungiyarsu Teamsters ce, a 2023 suka yi yarjejeniyar shekara biyar da ta shafi ma'aikata kusan 340,000, mai aikin 'yan awoyi yana farawa da dala 21 a awa, direban da ya kai ƙololuwa kuma zai kai wajen dala 49 a awa kafin yarjejeniyar ta ƙare. Da ka ji dala 49 sai ka ce ai ba abin tunani, amma ya ce sabon direba ba da wannan yake farawa ba, sai ya yi shekara huɗu yana hawa kafin ya kai, kuma hanyar da za ka bi da lokacin hutunka duk da daɗewa ake zaɓa, sabon shiga shi ke cike gurbin wanda bai zo ba, yau nan gobe can, a unguwannin da bai sani ba. Ya ce shi ma yanzu a wurin lodi ya zama babba, yana da wani aikin na rana da yake haɗawa, in ya koma direba dole ya bar shi. Kuɗin ba ɗaya ba ne ko kusa, amma na ji kamar muna zaune ne kan tabarma ɗaya a zauren Kawu. Ya ce min, yaya, ni dai abin da na lura, duk wanda na tarar ya daɗe a wurin nan nadamarshi ɗaya ce, bai sa sunanshi a layi da wuri ba.

Yanzu in zo kan abin da har yau bai bar ni na yi barci mai daɗi ba. A nan Sakkwato zaɓen hanya ba maganar nisa ko ramuka kawai ba ce. Duk direba ya san bambancin a ce maka Tambuwal ko Illela da a ce maka gabas. Hanyar Kware, Gwadabawa zuwa Illela ka je ka dawo da rana tsaka. Amma ka wuce Achida ka nufi Goronyo, Sabon Birni, Isa, wannan kowa ya san halin da ake ciki, ba mu manta harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, ba mu manta matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disambar shekarar ba, Allah ya jiƙansu. Manyan da ke saman takarda ba wanda ke ɗaukar gabas, sai ta gangaro ta gangaro ta faɗo kan na ƙasa. A nan ne nake ganin tsarin daɗewa yana da zalunci a cikinshi, kuma na faɗa wa sakatare a gabanshi, mota mai kyau a ba babba na yarda, hutu a ba babba na yarda, amma hatsarin rai bai kamata a ce na sabon shiga ne kaɗai ba, shi ma yana da uwa da 'ya'ya. Ya ce sun yi ta magana a kai, abin da suka samu zuwa yanzu shi ne alawus na hanyar, da ƙa'idar cewa ba a wuce Goronyo da motar kamfani, diloli su zo nan su ɗauka, kuma ba mai tilasta maka ka tashi in labarin hanya ba shi da kyau, ƙungiya za ta tsaya maka. A gidan Alhaji in na ce ba zan je ba sai dai a ba wani yaro makullin, shi kuma ba shi da bakin cewa a'a. Na tuna sau nawa ni da kaina na zaɓi Tambuwal na bar wa yara gabas ban taɓa tunanin komai ba, wannan ya dame ni ƙwarai da na gane shi.

Inna ce ta fi wahalar shawo kai. Da ta ji an ce gabas sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Ba ka zuwa. Mi ka rasa wurin Alhaji? Ci ka rasa ko sha?" Sai da Kawu ya zo da kanshi da magariba suka daɗe a ɗaki, ban san duk abin da ya ce mata ba, da ta fito idonta ja ta ce in je Allah shi tsare, amma sharaɗinta duk garin da na kai in kira ta.

Ba wai na ɗauki yuniyan a matsayin waliyyai ba ne. Na girma ina ganin yadda ake karɓar kuɗi a tasha ba rasit, na ga shugabannin da suka hau kan wuyan direbobi suka yi gidaje, kuma kuɗin da za a dinga cire min duk wata zan bi sawunshi, zan je taro in tambaya. Amma da aka yi takaddamar NUPENG da matatar Dangote a watan Satumban 2025 kan ko sabbin direbobin motocin matatar masu amfani da gas za su shiga ƙungiya ko ba za su shiga ba, har ta kai ga yajin aiki gwamnati ta shiga tsakani, na lura da abu ɗaya, ba wanda zai yi irin wannan faɗan kan abin da ba shi da amfani. Direba shi kaɗai in aka ce mishi sauka ka ba da makulli, sauka zai yi.

Ranar da na je sallamar Alhaji ita ce mafi nauyi. Mutumin nan ya yi min sutura, shi ya biya sadakina, shi ya yanka ragon sunan Ummi. Na same shi a ofis yana duba takardun kaya, na durƙusa na ce Alhaji na zo neman albarka ne. Ya cire gilashi ya daɗe yana kallona, ya ce ya ji labari tun satin da ya wuce yana jira ne ya ga ko zan zo da kaina ko zan sulale. Ya ce nawa za su ba ka, na faɗa, ya ce ai bai kai abin da kake samu nan ba, na ce haka ne Alhaji. Ya ce in ƙara maka kuɗin sawu fa? Na ce Alhaji ba kuɗin sawu ba ne, na ambaci sunan dattijon nan mai tebur. Bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya buɗe durowa ya ƙirgo kuɗi ya ba ni ya ce in sai wa yara wani abu, ya ce ƙofa a buɗe take in can bai yi ba. Na fito ina share ido da hular hannuna, yaran sito suna ta "Oga Allah ya sa alheri".

Jiya Laraba aka ba ni sawuna na farko ni kaɗai, Goronyo. Motar tsohuwa ce, gilashin gefen direba sai ka taimaka mishi da hannu kafin ya hau, na naɗe sitiyarin da tsumma saboda na san abin da rana za ta yi mishi. Tun ƙarfe shida aka gama lodi, katan 210, na ƙirga da kaina na sa hannu. Ina shirin tashi sai ga yaron nan na 23 da gudu, ya leƙo ta taga ya ba ni lambar wani mai shayi a Achida, ya ce Oga kafin ka wuce ka tsaya wurinshi ka tambayi labarin gaba, duk motar da ta fito daga can wurinshi take tsayawa, in ya ce ka jira to ka jira, kuma ka tabbata ka juyo kafin ƙarfe biyu. Na rubuta lambar a bayan takardar kaya. Ƙarfe bakwai da rabi na isa Achida, mai shayin ya ce motoci huɗu sun fito tun safe lafiya lau. Na sha shayi a tsaye, na kira Inna na ce na kai Achida, ta ce, "To, Allah shi kiyaye. In ka kai Goronyo ka sake kira na."